Haruffa Uku Ba Sa Raka Gawa

Jiya ƙamshin shayin madara ya tsayar da ni a shagon mamak, wato mai shayi, na unguwar Danau Kota a Malesiya. A nan wani dattijo, da ya zo karatun digiri na uku da furfurarsa, ya taɓa karɓe wayata. Wani ɗalibi ne ya rasu, na rubuta RIP a guruf ɗinmu.

"Ɗana, me ka ce wa mamacin?"

"Baba, cewa na yi ya huta lafiya."

Ya kurɓi shayi. "Bature da peace ɗin nan ta ƙarshen RIP yake sulhu, da ita yake korar mai damunsa, da ita yake rufe kabari. Haruffa uku ba sa raka gawa. Kira sunansa, ka roƙa masa gafara."

Da korona ta ɗauke dattijon, an hana mu zuwa jana'iza. Masu fararen rigunan roba suka binne shi, muna kallo ta waya, haruffan nan uku suna ta shigowa. Na kife wayar, na kira sunansa ni kaɗai a ɗaki.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya yalwata kabarinka a ƙasar da ba taka ba.