Zagayen Mushe Bitrus

Mushe Bitrus bai iya lallashi ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In ka kawo masa maganar banza, a gaban mutane zai ce maka banza ce. Na san shi tun muna koleji a Dogon Dutsi, shi Kirista ni Musulma, kuma shekara hamsin ba su tausasa bakinsa ba. Wasannin motsa jiki ya koyar har ya ajiye aiki, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda muke kiran malamin boko. Ɗalibansa sun ji tsoronsa, kaɗan ne suka so shi.

A unguwarmu akwai Ja'afar, manomi mai 'ya'ya uku, ɗan kokowa. A karon farko ba mai tsaya masa. A karo na biyu kuwa ƙafafunsa sai su mutu, ƙaramin ƙato ya ka da shi. Al'adar mutanenmu ita ce, da ya yi kaye a ɗauke shi a kafaɗa, a kwantar da shi kan tabarma, a lulluɓe shi da zane don kada ido ya kama shi, har a sake kiransa. Mahaifinsa, Munkaila, ya ce jifa ce. Da magani ya ƙi ci, sai ya rantse: in Ja'afar ya sake faɗuwa a karo na biyu a kokowar bayan girbi ta Tibiri, da hannunsa zai tsinke masa guru, ya bar fili ke nan.

Bitrus ya same su a ƙofar gida, ina zaune da matar Munkaila muna jin su.

"Wa ya jefe shi, Munkaila? Kai ne, da tabarmarka."

"Mushe, gaisuwa dai tukuna."

"Ina wuni. To, saurara."

Ya ce in tsoka ta yi aiki da ƙarfi a ɗan lokaci, tana ƙone sukarin jiki da gaggawa, sai wani abu da likitoci ke kira laktat ya taru. Ba shi kaɗai ke kawo zafin cinya ba, amma tare suke zuwa. Kuma ba dafi ba ne. Jini ne ke kwashe shi, zuciya ta ci wani, hanta ta mai da wani sukari. Wanda ya kwanta, jininsa a hankali yake kwashewa. Wanda ke tafiya sannu-sannu, nasa ya fi sauri.

"Hanta ta san kokowa?" in ji Munkaila.

"Ta fi ka sani."

Ja'afar dai ya yarda, don ba shi da wata dabara. Wata biyu Bitrus yana sa shi gudu cikin rairayi bayan gari, ya tsaya, ya yi tafiya, ya sake gudu. Bai taɓa ce masa sannu ba.

Ranar Tibiri na je. Da la'asar Ja'afar ya ka da na farko. Samari suka ruga su ɗauke shi, Bitrus ya tare su da sanda. Ya kama hannun Ja'afar ya yi ta zagaya bayan fili da shi. Mutane suka yi ta dariya. Wani ya ɗaga murya: "Mushe, akuyarku ce ta ɓace?" Bai ko waiwaya ba.

Aka kira karo na biyu. An daɗe ana ja, ƙafafun suka tsaya, Ja'afar ya yi kaye. A na uku wani mutumin Sukukutane ya ka da shi, don ya fi shi ƙarfi. Munkaila bai taɓa gurun ba. Bai kuma gode wa Bitrus ba.

Da shekara ta zagayo, duk ɗan kokowar da ya yi kaye sai ka gan shi yana zagaye. Amma an ƙara gishiri. Wai sai sau bakwai, ta hagu, ba magana. Wai akwai kalmomin da Mushe ke raɗawa. Har wani ya zo gidansa da jan zakara yana neman asirin. Bitrus ya kore shi, shi da zakaran.

Bana ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Na je gaishe shi na tarar da Ja'afar da 'yan kokowa huɗu a tsakar gida. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Hamsatu, ke kin yi lakwal, kin san boko, ki zama shaida. Ku kuma ku buɗe kunne. Ba bakwai, ba hagu, ba raɗa. Ku yi tafiya har numfashi ya daidaita, shi ke nan. Abin da nake roƙonku ɗaya ne: duk wanda ya tambaye ku, ku gaya masa aikin jini da hanta ne. Kada wanda ya mai da ni boka bayan raina."