Ranar Filasko a Gidanmu

Ranar Asabar ce, ta farko bayan an gama shigar da gero rumbu, shekarar da na shiga aji uku a firamaren Ɗanzomo. Rana ba ta gama fitowa ba Iya, kakarmu ta wajen uba, ta sa aka tattaro mu jikokinta a tsakar gida, kowa da ƙoƙonsa a hannu, ba wanda aka bari ya sa ko ruwa a bakinsa. A kan murhu akwai wata baƙar tukunyar ƙasa da ba a dafa komai a cikinta sai abu ɗaya, tana ta tafarfasa, warin ganyen filasko da tsamiya ya cika gidan har awaki sun koma gindin danga. Ni tun ban kai layi ba na fara hawaye. Yayana Isyaku, wanda yake aji shida a lokacin, shi ya fara miƙa ƙoƙo. Ya kafa kai ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya sake miƙawa ya ce, "Ƙaro, Iya." Iya ta dube shi ta ce, "Kai angona, ka ɗauka fura na dama maka?" Baffa Audu, ƙanen babanmu, yana tsaye a bakin zaure da goronsa yana dariya, ya ce a ƙara wa namiji. Iya ta ƙara masa rabin ludayi.

Yaya Isyaku ya rasu bana, bayan babbar Sallah, da ciwon hanji. Tun ranar da aka kai shi wannan safiyar take dawo min, ina surfe ko ina kan keken ɗinki, kuma duk dawowarta sai raina ya ɓaci. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake karatuna bai yi nisa ba.

Wankin ciki a gidanmu abin bayan kaka ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da yaro ke yi wa cikinsa idan amfanin gona ya nuna. Da an tashi makaranta sai mu zarce gona da sunan korar tsuntsaye, mu fizgo zangarniyar gero mu gasa tumu, mu murza a tafin hannu mu hure mu watsa baki da toka da komai. Mu sha takanɗa har leɓe ya tsage, mu tono ɗanyar gyaɗa mu ci da ƙasarta, a hanyar dawowa kuma mu bi gindin magarya da aduwa. Magaryar nan ba ma tofar da ƙwallonta, haɗiyewa muke, wai don kada wani ya riga mu cika ciki. Kafin a gama girbi sai ka ga yaro da ciki kamar tulu, ya shiga bayan gida ya daɗe yana nishi ya fito ba labari. Iya takan bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ƙwanƙwasa mana ciki da yatsa kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa, ta ce, "Wannan ai juji ne, ba ciki ba."

Da kanta take zuwa tsinko filaskon a wata saura da ke bayan gonar babanmu, ba ta aiken kowa. Ta shanya shi a inuwar rumbu, don ta ce rana tana sa shi fushi. Ranar dafawa ta jiƙa tsamiya, ta sa ɗan gutsuren jar kanwa, ta auna ganyen da hannunta. Ƙananan cikinmu ludayi guda, manya ludayi da ɗan ɗori, mai goyo da mai juna biyu ko kusa da tukunyar ba sa zuwa. Ɗacinsa ba irin na maɗaci ba ne, wani ɗaci ne mai tsami da ke tsayawa a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Ni sai an danne ni, Innarmu ta riƙe hannuwa, Iya ta toshe min hanci. Idan na gama shure-shure sai Iya ta ce, "Haɗiye, 'yar nan, in bai murɗa ba bai yi aiki ba." Wannan maganar kowa a gidanmu ya haddace ta kamar karatun allo.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gida ya rikice. Masai ɗaya ne a gidan, butoci kuwa ba su kai yawanmu ba, don haka masu ƙarfin gudu sukan yi bayan gari cikin karan dawa da ba a sare ba, sauran mu tsaya a bakin masai muna rawa da ƙafa ɗaya muna yi wa na ciki magiya. Ranar ba mai zuwa rijiya a cikinmu, ga shi rijiyar garinmu mai zurfi ce, sai an ja guga da jaki, iyayenmu mata su ke shan wahalar ruwan. Ba ciyawar awaki, ba carafke, ba langa. In azahar ta yi sai ka gan mu zube a tabarma kamar an shanya wanki, idanu sun faɗa, Iya tana bin mu da kunun kanwa mai ɗumi, tana taɓa goshin kowa. Da yamma a yi tuwo mai laushi da miyar kuka. Washegari kuwa jiki sakayau, yunwa kamar a ci kwano. Ba zan yi wa Iya ƙarya ba, muna jin daɗin jikinmu bayan haka.

Amma a waccan Asabar ɗin, rabin ludayin da aka ƙara wa Yaya bai zo da sauƙi ba. Mu namu ya lafa, shi nasa ya ƙi tsayawa. Da la'asar na je ɗauko tsintsiya na same shi a ƙarƙashin rumbu, ya naɗe kamar tabarma, gwiwa a haɓa, gumi ya jiƙa rigarsa, ya cije leɓe har ya yi jini. Ko uhum bai ce ba. Na ruga na kira Iya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ran nan. Ta janyo shi ta ɗora kansa a cinyarta, ta riƙa ɗura masa ruwan kunu da ɗan gishiri kaɗan-kaɗan, tana yi masa faɗa: "Don me ba ka kira ni ba? Bakinka ɗinke yake?" Ba ta tashi daga wurin ba sai da ya buɗe ido sosai ya nemi abinci, sallarta ma a nan gefensa ta yi. Baffa Audu ya leƙo ya gan shi, sai ya ce, "Ku bar shi, dattin ne ke fita. Yaron nan namiji ne, ko wayyo bai ce ba." Ya fita zaure ya ba abokansa labari, kafin magariba unguwa ta ɗauka.

Ranar Litinin a filin makaranta yara suka kewaye shi. Mu sauran ana yi mana tsiya, ana kama hanci idan mun wuce, ana cewa ga 'yan gidan filasko nan, shi kuwa aka sa masa suna Cikin Ƙarfe. Bai gama warwarewa ba ya shiga langa a ranar, ya faɗi, ya tashi, aka yi masa tafi. Sunan ya bi shi har girma. Faɗan da Iya ta yi masa a ƙarƙashin rumbu ni kaɗai na ji, yabon Baffa Audu kuwa gari duka ya ji, kuma na tabbata shi ne ya zauna masa. Iya ba ta sake ƙara wa kowa ludayi ba har ta bar duniya, amma ba ta daina cewa in bai murɗa ba bai yi aiki ba. Malaminmu na kiwon lafiya yana duba mana farce da haƙora duk safiya, yana dukan wanda bai wanke ƙafa ba, amma ban tuna ranar da ya ce mana ga irin ciwon cikin da ba a yi masa shiru ba.

Yanzu da nake tunani, ba tukunyar nan ce ta riƙe mana ciki ba. Sau ɗaya ake shanta a shekara. Sauran kwanakin tuwon gero muke ci wanda ba a cika surfe shi fari tas ba, da miyar kuka ko ta yakuwa, da kwaɗon zogale da rama da tafasa idan damina ta sauka, da dafaffen wake, da fura da nonon Fulanin da ke sauka bayan gari. Ƙafa kuma ba ta hutawa, daga rijiya sai gona, daga gona sai makaranta. Amma ba wanda ya taɓa yaba wa tafasa. Filasko ake yabo, don shi ne mai murɗawa.

Yaya ya girma ya zama direba, yana ɗaukar dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Ni aure ya kawo ni Gumel, shi ma nan ya ajiye iyalinsa, gidajenmu ba nisa. Rayuwar mota kowa ya san ta, zama wuni guda, shayi da burodi a tasha, taliya da dare, ruwa kaɗan don kada a yi ta tsayawa. Da cikinsa ya fara ɗaurewa sai ya ce basir ne, kamar yadda kowa ke cewa. A wurinmu ciwon baya basir ne, kasala basir ce, kumburin ciki basir ne. Duk Alhamis kuwa a Maigatari ga motoci da lasifika a kai, suna shelar maganin da ke wanke hanji tas, ya fitar da dattin shekara da shekaru. Jarkoki ne da robobin ruwa da aka sake cikawa, ba wanda ya san abin da ke ciki, ba ludayi, ba awo. Ya fara da roba ɗaya in ya dawo tafiya, daga baya ta zama kusan kullum.

Matarsa Hadiza ce ta zo ta same ni a ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce ta ga jini a bayan gidan da yake yi. Ta ce ya daɗe, kuma ya hana ta faɗa. Da yamma na yafa mayafi na je na tarar da shi a ƙofar gida yana wanke gilashin mota, ya rame, wuyansa ya zama kamar na wani, rigar tana yawo a jikinsa. Na gaishe shi, na ce Yaya, a je asibiti mana. Ya yi dariya ya ce, "Ke Talatu, har yau ba ki daina tsoro ba? Maganin ne ke aiki, dattin ne ke fita." Na ce datti ba ja ba ne, Yaya. Ya ce, "To likita, na ji. Bari in dawo daga wannan lodin." Ya dawo daga wannan lodin, ya tafi wani. Na koma, na sake komawa, na haɗa shi da limamin unguwarsu, na kira Baffa Audu wanda yanzu tsufa ya kama shi, shi kuma ya aiko masa da saiwar wani icce. Ni ƙanwa ce, akwai inda maganata take tsayawa. Damina biyu muka yi a haka.

Ranar da ya yarda, ba yarda ya yi ba, faɗuwa ya yi a tasha, abokan aikinsa suka kawo shi. Daga asibitin nan aka tura mu Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da mu, ya tambaye shi tun yaushe yake ganin jinin. Yaya ya ce, "An ɗan jima." Likitan ya dube ni, na faɗi gaskiya. Ya ajiye biro, ya ce ciwon daji ne a hanji, kuma ya riga ya bazu. Bai ce robobin ne suka kawo shi ba. Ya ce sun dai ɓoye shi, sun cinye lokacin da ake iya yin wani abu. A gadon asibiti ma sai na tambaye shi sau uku kafin ya ce wurin yana ɗan damunsa.

Ana zaman makoki, ina cikin gida tare da mata, sai na ji lasifika daga bakin titi. Mai maganin wankin ciki ne. Da ya ga tabarmi a ƙofar gida ya rage murya, ya wuce a hankali, yana shan kwana ya sake ƙurewa. Aka ce har wani daga cikin masu gaisuwa ya tashi ya bi shi. A gefena kuma wata dattijuwa tana cewa Allah ya ji ƙan Isyaku, mutum ne mai haƙuri, har ya koma ga Ubangijinsa ba a ji rakinsa ba. Mata suka amsa da amin. Ni ma na amsa, na tashi na shiga ɗaki, don abin da ke bakina ba na wurin makoki ba ne.

Na sani kwana idan ya ƙare ba likitan da zai ƙara shi, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Amma a da, wadda ta ba ka maganin ita ce ta tsinko shi, ta san shekarunka, ta wuni a kanka tana taɓa goshinka, in ya wuce kima ita ce ta fara tsorata. Yau mai bayarwa ko sunanka bai sani ba, kafin cikinka ya fara juyawa ya kai wata kasuwar. Saurar da ke bayan gonarmu an yanka ta filaye, yaranmu sun fi sanin taliyar leda da tafasa, abin da ya rage mana daga wancan zamani shi ne yabon mai shiru. Ina kewar Iya, ina kewar gidanmu da hayaniyarsa, ina kewar ɗan'uwana fiye da yadda zan iya rubutawa. Har yau ina neman wanda zan yi fushi da shi, duk wanda na kamo kuwa sai in tarar nawa ne.