Mai Tsani Da Raminsa Ɗaya

Yayan mijina shekara talatin ya yi yana hawa falwaya yana ja wa mutane wayar tarho, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Tsani. Ya yi ritaya, girman kansa ne bai yi ba. Ni dai jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba, kuma ba na ɓoyewa.

Da aka jawo intanet gidan da muke zaune gaba ɗaya, ɗakinsa na bene ya sa aka kai modem, akwatin da wayar kamfani ke shiga. Rami ɗaya gare shi a baya, na'ura ɗaya yake ɗauka. Mai Tsani ya soka kwamfutarsa, ya zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai. Mai son intanet sai ya hau, ya yi sallama, ya tsaya har a ga dama. Ko ka zo da taka kwamfutar ka soka ba ta kamawa, sai ya kore ka waje ya yi siddabarunsa. Daga baya na leƙa ta taga, na ga kashe akwatin kawai yake ya kunna, don akwatin ya manta na'urar farko.

Sau uku mijina yana kawo maganar rauta, na'urar da za ta raba wa kowa intanet har wayoyin hannu. Sai Mai Tsani ya ce abin da ba ya bin waya iska ne, maƙwabta za su sace, yara su lalace. Mijina kuwa, in Yaya ya yi tari shi ke neman ruwa.

Wadda abin ya ci ita ce mahaifiyarsu. Autarta na aure a wata ƙasa, shekara biyu Inna ba ta ga fuskarta ba. Layin waya a unguwarmu da ƙyar yake ɗaukar murya, ga gwiwa ta hana ta hawa bene. Mai Tsani ya ce mata ta yi haƙuri, hoto ba ya saukowa ƙasa.

Ranar da ya tafi tantancewar 'yan fansho na sayo rauta. Na haɗa ta da modem, na soka kwamfutarsa a jikinta, na kashe na kunna yadda na ga yana yi. Ko minti goma ban yi ba.

Da ya dawo ya gani, ya sauko da filaya a hannu yana tambayar wace marar kunya ta taɓa masa waya. Na ce ni ce, na nuna masa ɗakin Inna. Tana kan gado da wayata, tana shafa fuskar 'yarta a gilashi, hawaye har haɓa. Ta ɗago ta dube shi.

"Babba, ashe dama yana saukowa? Shekara biyu?"

Ya sa filayar a aljihu, ya hau bene. Tun daga ranar babu mai hawa wurinsa sai mai kai abinci.