Ba Bugun Ƙasa Baba Dabo Yake Yi Ba

Kowace safiya, da an fito daga masallaci, Baba Dabo mai gyaran rediyo yakan share ƙofar shagonsa da ke bayan kasuwar Gwarzo. Sai ya baje rairayi cikin ƙwarya guda, ya shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Shi ne allonsa. Duk batir ko akwatin rediyon da aka kawo, ba ya kwance shi sai ya ɗora masa agogon awo, ya dubi inda allura ta tsaya, ya sunkuya ya yi zane da yatsa.

A soja ya koyo wannan, can yaƙin Boma, inda ya riƙe wayales, na'urar aika saƙo. Amma mu nan ba mu san mai zane a rairayi ba sai mai bugun ƙasa. Wata tsohuwa ta taɓa takowa daga Durun don ya duba mata wanda ya sace akuyarta. Ya ce, "Iya, da akuyar nan da batir take tafiya, da na gano miki ita." Aka yi ta dariya, amma zargin bai tafi ba.

Shekara huɗu ke nan da Alhaji Maikuɗi, mai sayen gyaɗa a Kabo, ya sayo injin wuta daga Kano. Ƙwan lantarki ashirin yake so a kunna a rumfarsa ranar walimar dawowarsa daga Makka. Waɗanda ke wurin sun ce Baba Dabo ya karanta rubutun jikin injin, ya tsuguna ya yi zanensa. Ya gaya wa Alhaji cewa ƙarfin wutar injin bolt ɗari da goma ne, iyakar gudun wutar da zai jure amfa goma, in an ninka su dubu da ɗari ke nan, kowane ƙwai kuma ɗari yake ci.

"Goma sha ɗaya zai ɗauka, Alhaji. Ka sa goma, ka bar masa numfashi."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ƙasar taka ce ta faɗa maka?"

Ya sa wani ya jona ashirin ɗin. Da fis ya ƙone, wato 'yar wayar da ke yanke wuta in ta yi yawa, aka ɗaure wurin da waya mai kauri. Bayan magariba injin ya fara hayaƙi, wuta ta kama zana, ta cinye rumfar da buhun gyaɗa talatin. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Kafin gari ya waye magana ta zagaye Kabo da Gwarzo, wai Dabo ne ya yi wa injin baki don an ƙi aikinsa.

Tun daga nan masu rediyo suka koma kai kayansu Kano. Ba uban da ya ba shi ɗa ya koya. Matarsa, Inna Marka, aka daina gaya mata biki da suna. Shi kuwa bai fasa shafe rairayinsa ba ko rana ɗaya.

Ni Asiya, iyakar karatuna aji uku na elemantare. Umma ce kaɗai a unguwarmu ba ta yanke aika wa Inna Marka fura ba, ni nake kaiwa. Wata rana na saci kallon rairayin, sai na ga lambobi irin na makaranta: goma sha biyu, uku, huɗu, talatin da shida. Na yi tsaye. Ya lura da ni, ya nuna da yatsa. Goma sha biyu ƙarfin batir ne, uku gudun wuta. In aka raba, huɗu, ita ce turjiyar waya, wato yadda take hana wuta wucewa. In aka ninka, talatin da shida, abin da ake ci ke nan. Ya tambaye ni ko na gane. Na gyaɗa kai, na gudu.

Na gane kuwa. Rabawa ce da ninkawa, ba aljani ko ɗaya a ciki. Amma sau nawa aka zage shi a bakin rijiya ina riƙe da guga, ban buɗe baki ba. Kunya na ce wa kaina. Yau na san ba kunya kaɗai ba ce, har da tsoro.

Baba Dabo, kai ne ka faɗi gaskiya tun kafin gobara, aka ɗora maka gobarar. Kai ne mai awo kafin taɓawa. Ba ka taɓa ramawa ba.

Yanzu yanar ido ta kama shi, ba ya ganin allura. Ya ce da an gama kakar bana zai rufe shago. Makon jiya na je na durƙusa na ce ya yafe mini shiruna.

Ya ce, "Me kika yi mini, 'yar nan? Matso ki karanta mini allurar nan."

Na karanta, na rubuta, na raba. Ya ce daidai.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri, ka yafe wa garinmu. Jama'ar Gwarzo da Kabo, duk mai ɗa ko 'ya da ta iya ninkawa da rabawa, ya kawo kafin kaka ta wuce. Ku zo ku duba da idonku. Rairayin yana nan, ni nake shafe masa shi yanzu.