Ya Kaltum da Zanen da Ba Ya Bushewa

Kullum da hantsi Ya Kaltum takan sauka daga keke a ƙofar sansanin 'yan gudun hijira da ke unguwar Dala a Maiduguri, da robar man kaɗanya a jakarta. Shara aka ɗauke ta yi a ɗakin shan magani. Sauran aikin ita ta ɗora wa kanta, kuma ban ga mai iya hana ta ba.

A shekarun da rikici ya koro mutanen ƙauyuka zuwa Maiduguri, tanti na jingine da tanti. Mace mai al'ada ba ta da inda za ta shanya ƙunzugunta ido bai gani ba. Sai ta wanke ta cusa ƙarƙashin tabarma, ta sake ɗaurawa da danshinsa. Ƙaiƙayi da ƙuraje suka addabi mata, kowacce ta yi gum.

Wata ɗaliba, Siddiƙa, cinyoyinta suka saɓe har tafiya ta gagare ta. Ta daina zuwa makaranta, ga jarrabawa saura mako uku. Uwarta ta rantse jifa ne.

"Wane irin jifa?" in ji Ya Kaltum. "Danshi ne, 'yata. Rana ce maganinki, ita kuwa ba ta kai gulma."

Ta koya mata wanke wurin da ruwa mai ɗumi ba sabulu mai ƙamshi, ta tsane, ta shafa man kaɗanya. Sannan ta ɗaura igiya a bayan ɗakin magani. Mata su shanya abinsu, ita ta lulluɓa tsohon zanenta mai shara-shara a kai, rana na ratsawa.

Audu mai gadi ya kasa haƙuri. "Ya Kaltum, wannan zanen naki ba ya bushewa ne? Kwana bakwai ina ganinsa."

"Taurin kai gare shi, Audu. Kai dai kula da ƙofarka."

Siddiƙa ta warke ta zauna jarrabawarta, yau tana koyarwa a unguwar Ajilari.

Ya Kaltum, ke ce uwar masu kunya. Kin ajiye tsintsiya bana saboda ciwon gwiwa, kuma wallahi muna kewarki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma iyaye mata, kada ku jira sai 'yarku ta fara ɗingishi. Ku ja ta gefe yau, ku tambaye ta inda take shanya.