Ranar da Na'ura Ta Manta Injiniya

Matso kusa, ɗan'uwa, ka ji wanda na gani a wani ofis. Dogo ne, makullai na rinjayar aljihunsa, yana gurfane gaban akwatin da ke rarraba wa ma'aikata intanet. Ba wanda ya sa shi, ya sabunta wa na'urar manhaja, tana farkawa ta ce ba ta san shi ba. Yana buga kalmar sirri da ƙarfi, kamar duka ne zai tuna mata. Ina jin shi ne mai yi wa kowa faɗa in ya manta tasa.

Sakatariya ta leƙo. "Injiniya, Manaja ya ce yau akwai aiki, ko mu tafi gida?"

"Saura kaɗan, Hajiya. Ara min allurar mayafinki."

Akwai ɗan rami a bayan akwatin. In ya soka, na'urar za ta buɗe, amma duk tsarinsa zai goge, kuma fuskarsa ta nuna bai ajiye kwafi ba. Ga allura a hannunsa, ga takun Manaja na matsowa. Kai ne, za ka soka?