Donat na Shinkafa da Doya

Shekarata biyu da aure maigidana ya fara ramewa. Malamin daji ne a lokacin, yana duba gandun da ke bayan Birnin Gwari, ya fita da keke da safe, sai la'asar ya dawo. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawan ofishinsu ma ba su gama tafiya ba. Ciki ne ya matsa masa. Da ya ci abinci sai ya kumbura, ya yi ta zaryar banɗaki, har wandon kakinsa ya koma sai da igiya. An yi saƙe-saƙi, an sha rubutu, an sha maganin tsutsar ciki har sau biyu. A ƙarshe ya hau babbar mota ya tafi Kaduna ganin likita.

Ya dawo da takarda a aljihu. Na kai masa ruwa, na tsuguna.

"Me aka ce, Malam?"

"An ce in bar alkama."

"Alkama kuma? Ai rabonmu da ita tun Sallah."

"Har da fulawa. Burodi, fanke, taliya, duka."

"Fulawa ai ba alkama ba ce."

"Ita ce. Niƙa ta aka yi aka tace."

Wallahi sai ranar na sani. Ni a wurina alkama ja ce, ta alkaki da finkaso, fulawa kuwa wata farar aba ce da ake kawowa a buhu daga Ikko. Kuma tun da ya fara ciwon, kullum safe burodi da shayi nake ba shi, don shi na ga ana ba marasa lafiya. Ashe ke nan ni ce nake ƙara masa? Ya ce likitan ma bai tabbatar ba, ya ce ne a gwada na wata uku. Wai akwai wani danƙo a cikin alkama, wanda ke sa ƙullu ya yi ta miƙewa, shi ne hanjinsa ba ya so.

Na ce, "To kuɓewa fa, da karkashi? Ai sun fi yauƙi."

Ya duba takardar gaba da baya, ya ce ba a rubuta su ba.

Barin burodi bai dame shi ba. Donat ne matsalar. Tun yana makarantar koyon aikin daji ya saba da shi a wurin kukun Baturen da ke koyar da su, kuma shi da kansa ya koya mini: fulawa, yis, sukari, ƙwai, a yanka da bakin kofi, a huda tsakiya da murfin kwalba, a soya. Duk Juma'a nake yi. Juma'ar da ta biyo baya ya dawo daga masallaci, ya buɗe kwano ya ga tuwo kaɗai, ya mayar da murfin. Na ƙudura sai na yi masa, ko da me.

Na jiƙa shinkafa, na daka, na tankaɗe, na kwaɓa yadda na saba. Ƙullin ya ƙi haɗuwa, ina ɗagawa yana karyewa. Da na lallaɓa na sa a mai, ya tarwatse, na yi ta tsamo ɓarɓashi da matsami. Washegari na gwada gero, ya fito kamar tsakuwa. Sai na tuna kuka ce ke riƙe ɗanwake, na barbaɗa. Ya riƙe kam, amma ya fito kore, ɗanɗanonsa kamar an zuba sukari a miya. Kaji ne suka ci.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, ita da mijinta manoman doya ne, kuma tana budurwa ta yi aiki a kicin ɗin 'yan mishan. Iya nake ce mata. Ita ta leƙo ta kan danga.

"Amarya, kwana uku ina jin turmi. Biki za a yi ba a gaya mini ba?"

Na kwashe duka na faɗa mata, har da takardar. Ta ce in bar suya, gashi zan yi, kuma in daka dafaffiyar doya kamar ta sakwara in haɗa da garin shinkafar, ita za ta ba shi danƙo.

"Iya, danƙon ne fa aka hana shi."

"Na alkama ko na doya?"

"Ban sani ba."

"Sakwarar da na aiko shekaranjiya, ya ci?"

"Ya cinye."

"Ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Ban dai gamsu ba, amma na ɗora doya a wuta.

Ta sa na ɗebo yashin rafi, muka zuba a babbar tukunyar ƙasa muka ɗora a murhu. Muka jera duwatsu uku a kan yashin, muka aza farantin ƙarfe da aka shafa wa man gyaɗa. Ƙullin ya yi laushi da yawa, murfin kwalba ba zai huda shi ba, sai ta yanyanka gora ta kafa guntu a tsakiyar kowanne. Ta rufe da tasa, ta zuba garwashi a kai.

Muna zaune muna jira na tambaye ta amfanin hujin. Ta ce ita ma ta taɓa tambayar Baturiyar da ta koya mata, matar ta ce haka ta ga uwarta na yi.

Da muka buɗe, sun ɗan tashi, sama ta yi ja, amma da nauyi a hannu. Na shafa musu zumar da aka kawo mana daga Dogon Dawa. Na ɗanɗana, na rasa inda zan ajiye shi. Ba masa ba ne, ba fanke ba, ba kuma abin da na sani ba.

Malam ya dawo, ya jingine keke, ya ci uku a jere bai ɗago ba.

"Yaya ka ji?"

"Ba shi ba ne." Ya miƙa hannu ya ɗauki na huɗu. "Amma a riƙa yi."

Kafin damina ta fita ya murmure, ya cire igiyar. Sai dai a watannin nan ne aka ɗauke shi daga yankin Randagi, inda yake shan ruwan ƙorama, aka dawo da shi ofis cikin gari. Ita ma Iya ta yi ta aiko masa da wani sassaƙe mai ɗaci. Da ya koma Kaduna, likitan ya tafi ƙasarsu. Wanda ya gaje shi ya karanta takardar, ya ce tunda ana samun sauƙi a ci gaba. Saboda haka muka ci gaba, har 'ya'yana suka tashi suna zaton da doya ake yin donat a ko'ina.

Bayan shekaru muka je suna a Saminaka. Ina daga cikin gida na hango shi a zaure ya ɗauki alkaki, ya ci, ya ƙara. Kwana biyu ina sa masa ido, ban ga komai ba. A na uku na kasa haƙuri.

"Malam, na gan ka da alkaki."

"Kaɗan ne."

"To alkamar ce ko ba ita ba ce?"

Ya daɗe yana goge takalminsa. Sannan ya ce shi ma ya so ya sani, amma ba ya jin zai sake gwadawa.